Kwana Uku A Kan Bahar Maliya, Ni Da Uwargida

A ƙasarmu ta Gombe, kuma ina zaton haka abin yake tun daga Sakkwato har Yola, dalilai huɗu ne aka sani waɗanda ke fitar da miji da mata daga gida tare: gaisuwar mutuwa, da biki, da neman magani, da ziyarar Ɗakin Allah. In mutum ya fita da matarsa a kan ɗayan waɗannan, ba mai tambayarsa inda ya bar 'ya'ya. Amma ran da ya ce zai ɗauke ta su tafi shan iska kurum, su biyu, to, ya jawo wa kansa magana, domin za a ce ko dai boko ya yi masa yawa, ko kuwa an shanye shi. Ni an faɗa mini duka biyun, ɗaya a gaban idona, ɗaya kuwa a bayana.

Ga yadda abin ya faru. Na yi ritaya daga aikin koyarwa bayan shekara 35, kuma da ma na yi alkawari in Allah ya kai ni wannan rana zan kai uwargida Umra. Shekararmu 26 da aure, Allah ya ba mu 'ya'ya bakwai, babbar tana ɗakinta, autan kuwa yana da shekara 8. Muna cikin shirin tafiya wajen watan Disamba na 2024, sai na sami labarin cewa Saudiyya ta fara tafiyar da wani babban jirgin ruwa na yawon shaƙatawa daga Jidda, mai suna Aroya, wanda ya yi fitarsa ta farko ran 16 ga wannan wata. A Jamus aka ƙera shi a 1917 da ɗari a kai, ina nufin 2017, ya yi shekaru yana aiki a tekunan ƙasar Sin da wani suna dabam, har annobar korona ta karya kamfanin da ke da shi, Larabawa suka saye shi suka yi masa kwaskwarima. Tsawonsa mita 335, watau ya fi filin ƙwallo uku in an jera su, yana kuma ɗaukar fasinja fiye da 3,300. Abin da ya ja hankalina shi ne ba a sayar da giya a ciki, ba ɗakin caca, akwai wuraren salla na maza da na mata. An gina tafiyar ne musamman domin iyali, mutum da matarsa da yaransa. Na ga akwai ta kwana uku wadda ba ta fita daga ruwan Saudiyya, sai na ce a raina, tun da ga mu a bakin ruwa, me zai hana?

Yayata, wadda yara ke kira Goggo, ita ce ta fara tsayawa a kaina. Ta ce Umra kam ibada ce, za ta koma gidanmu a Jekadafari ta zauna da yara ko da wata guda ne. Amma a ƙara mata kwana uku domin mu je mu zauna a kan ruwa muna kallon juna, wannan ba ta san sunansa ba. Ta ƙara da cewa, “Jirgin da ka ce na yara ne, ka bar yaran a gida, ka ɗauki tsohuwa?”

Maganarta tana da ƙanshin gaskiya, ban kuwa raina ta ba. Kuɗin da za a kai mutum tara ba ni da shi, ga kuma makaranta ta koma. Amma akwai wani abu da na daɗe ina mamakinsa a cikin al'adarmu. Ba mutanen da suka saba rabuwa da 'ya'ya kamarmu. Yaro ɗan shekara biyu ake ɗauka a kai wa kaka yaye. Ɗan fari akan bayar da shi riƙo tun bai san fuskar uwarsa sosai ba, uwar ma ko sunansa ba ta faɗa don kunya. Ɗan shekara bakwai akan haɗa shi da malami ya tafi gabas karatu, sai shekara ta kewayo a gan shi, in an yi sa'a. Duk wannan ba wanda ke kiransa sakaci. Sai fa ran da uba da uwa suka ce a riƙe musu yara kwana uku domin su huta su biyu, ran nan ne za a tuna cewa yaro amana ne. A ganina ba barin yaran ke damun mutane ba. Abin da ke damunsu shi ne a ga miji yana marmarin zama da matarsa bayan ta haifi bakwai.

Damuwar uwargida dabam ce, kuma ta fi ta Goggo nauyi. Wani dare ta ce da ni, “Malam, in ruwa ya ci mu mu biyu a rana ɗaya, wa zai riƙe su?” Ba zance ne na wofi ba. Mu mutanen tudu ne. Ruwan da muka sani shi ne Kogin Gwangola da madatsar Dadin Kowa, labarin jirgin ruwa kuwa ba mu jinsa a rediyo sai in ya kife. Ta tuna mini da kwalekwalen da ya nutse a Kwara a watan Yuni na 2023 da 'yan biki fiye da 100, ni kuma a raina ina sane da wanda ban faɗa mata ba, watau jirgin fiton Masar da ya nutse a cikin wannan Bahar Maliya a Fabrairu na 2006, mutum fiye da 1,000 suka halaka. Ban ce mata ba abin da zai faru ba, domin ba ni da wannan iko. Abin da muka yi shi ne muka zauna muka rubuta wasiyya: bashin da ake bin mu da wanda muke bi, da takardun gida da na gona, da wanda zai ɗauki wane a cikin yaran. Na kira ƙanena da wanta suka sa hannu. Abin da ya kamata a ce kowane magidanci ya yi ko da Bauci zai je, ga shi sai tsoron teku ne ya sa aka yi shi. Da aka gama sai na ga hankalinta ya kwanta.

Muka tashi ta Kano a cikin watan Rajab, hunturu na kaɗawa, muka yi Umra lafiya, muka ziyarci Madina, sa'an nan muka gangaro Jidda.

Kafin jirgi ya ɗaga sai da aka nuna wa kowa inda zai taru in wani abu ya auku, da yadda ake ɗaura rigar ceto, domin dokar teku ta duniya ta tilasta haka. Uwargida ta saurara kamar mai ɗaukar karatu, ta kuma sa na ƙirga ƙananan jiragen ceto da ke rataye a gefenmu. Bayan nan sai yara suka cika mana ido. Ko'ina ka juya su ne: a matakala, a wurin cin abinci, a bakin tafkin wanka inda suke sulalowa daga sama cikin wasu manyan bututu suna ihu. Mutumin da ya baro nasa a gida, ba inda zai fi jin rashinsu kamar nan. Duk yaron da ya gifta sai ta gwada shi da ɗaya daga cikin namu, wannan tsawon wane, wancan rigimar wance. A wurin cin abinci, inda aka jera kaloli ba iyaka mutum ya ɗebi abin da ya ga dama, na gan ta tana naɗe 'ya'yan inabi da wani ɗan alkaki a cikin takarda. Na ce, “Hajiya, na wa?” Ta dubi ƙullin, ta dube ni, sai muka fashe da dariya, domin wanda ta ajiye wa yana can Gombe. Da za mu shiga na'urar hawa bene kuwa, sau biyu tana miƙa hannu baya don ta kama hannun da ba ya nan.

Wanda bai taɓa gwadawa ba ba zai san wuyar daren farko ba. Waya ba ta kamawa a tsakiyar teku sai mutum ya sayi intanet na jirgi, mun kuma yi shawara sau ɗaya za mu kira gida a yini. Muka kira bayan Magariba, aka ce kowa lafiya, aka kashe. Muka zauna a barandar ɗakinmu, ga ruwa baƙi ƙirin, ga mu. Sai na lura cewa shekara da shekaru hirarmu ba ta wuce kuɗin makaranta, da buhun masara, da zazzaɓin wane, da takalmin wance. Da aka ɗauke waɗannan sai muka zama kamar ango da amarya a daren farko, kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara. Na yi zancen iska, ta ce e, akwai iska. Na yi zancen girman jirgi, ta ce lalle babba ne. Muka kwanta da wuri. Na daɗe ban yi barci ba, ina tunanin ranar da autan zai girma ya bar gida, ya rage daga ni sai ita a tsakar gidan nan, ba na kwana uku ba.

Kashegari alƙibla ce ta buɗe mana baki. A wurinmu gabas ita ce alƙibla, har mukan ce mutum ya fuskanci gabas in ana nufin ya yi salla. To jirgi ya kwana yana tafiya kudu, Makka ta koma arewa da mu. Da Asuba ta shimfiɗa darduma tana duban inda gari ke wayewa, na ce ba nan ba ne, ta ce tun da uwarta ta haife ta ba ta taɓa ba wa fitowar rana kafaɗa a salla ba. Muka yi ta gardama, da waya a hannu muna jujjuyawa, har sai da muka je wurin salla muka ga inda jama'a suka fuskanta. Rabon da mu yi musu a kan abin da bai shafi yaro ko cefane ba, na manta.

Tsibirin da aka kai mu, Jabal Sabaya, farin yashi ne da ruwa garai-garai. Ta tsoma ƙafa, ta ɗanɗana ta ji gishiri, ta tsinci 'yan kwasfan katantanwa guda bakwai. Zafin rana ya kore mu muka koma jirgi.

A dare na biyu ne ta tambaye ni wace ƙasa ce a hayin ruwan nan, ta yamma. Na ce Sudan ce, can ne Sawakin da Fot Sudan suke, inda alhazan da suke shiga jirgi su haye Jidda. Na shiga yi mata karatu irin namu na malaman makaranta: yadda hanyar gabas ta bi ta ƙasarmu, yadda Sarkin Musulmi Attahiru ya baro Sakkwato da jama'a, maza da mata da yara, har Turawa suka cim masa a Bormi ran 27 ga Yuli 1903, yadda ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya wuce da sauran har bakin Kogin Nilu, inda garin da ke ɗauke da sunansa yake har yau. Ta bar ni na gama, sa'an nan ta ce ita ma tana da nata a can.

Kakarta, wadda ta riƙe ta tun daga yaye, da ƙafa ta je Makka tana yarinya, tare da iyayenta da wata ƙanwarta. Sun bi ta Barno, suka ratsa Wadai da Darfur, suna tafiya suna tsayawa, uban yana ƙodago a gonakin auduga na Jazira har a tara guzurin gaba. Da suka iso kusa da teku sai ƙaramar ta kwanta ciwo, lokacin Hajji ya matso, aka bar ta a hannun wasu Hausawa da alkawarin za a ɗauke ta a komowa. Da aka komo mutanen sun tashi, ba wanda ya san inda suka nufa. Aka yi shekara ana nema, daga bisani aka juyo gida da mutum uku. Ta ce har tsohuwar ta rasu ba ta kwanciya sai ta bi ɗaki ɗaki ta taɓa kan kowane yaro, kuma duk alhajin da ya sauka sai ta je ta tambaye shi ko ya ga wata mai tsagar gidansu a cikin takari.

Shekara 26 ina ganin matar nan tana tashi da tsakar dare da fitila tana ƙirga 'ya'yanta, har nakan yi mata tsiya in ce ko kura ta shigo. Ban taɓa jin wannan labari ba sai ran nan. Na tambaye ta abin da ya hana ta faɗa mini. Ta ce, “Malam, yaushe? Labari ne da ke son a zauna, ni kuwa ban taɓa fara shi ba sai wani ya yi kuka ko tukunya ta tafasa.” Muka kai har wajen ƙarfe biyu na dare. Ta tambayi labarin mahaifina, wanda ba ta tarar da shi ba, na ba ta abin da na sani. Muka yi wa yarinyar nan addu'a, ko tana raye ko ta mutu, da zuriyarta in ta bari, domin yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilu na 2023 bai bar su ma sun zauna ba. Daren ƙarshe kuwa ba sai na nemo zance ba.

Da muka sauka gida muka tarar yara garau, har sun yi ƙiba. Autan ya fitar da haƙori ɗaya, mai bi wa babbar ta koyi tuƙa tuwo, abin da uwarta ta yi shekara biyu tana fama da ita a kai. Aka raba dabino da zamzam da kwasfan katantanwa, kowa ɗaya. Na yi musu alkawarin Dadin Kowa in an yi hutu, uwarsu ta ce da sharaɗin sai an nemo rigar ceto ta kowa, in ba haka ba a tsaya a gaɓa a yi kallo.

Goggo ta sa aka nuna mata hotuna, ta duba ɗaya bayan ɗaya ba ta ce uffan ba, ta tattara kayanta ta koma Bolari. Bayan mako biyu sai ga ta da yamma. Ta ce maigidanta ya ce zai kai ta Yankari su kwana biyu ta ga giwaye da ruwan Wikki, tana so ta san ko za mu riƙe mata jikokinta uku daga Jumma'a zuwa Lahadi.