DARENA NA FARKO A GADON LILO

A hutun ƙarshen shekarar da ta wuce, kawuna da ke aikin jirgin ruwa a Ikko ya zo gida Gusau. Da ya ji na shiga ƙungiyar Sikawut ta makarantarmu, sai ya miƙo mini wata 'yar jaka wadda ba ta fi gwanda girma ba. Ya ce, "Ga gado na kawo maka." Na ɗauka ba'a yake yi.

Da na kwance jakar sai ga wani ƙyalle mai santsi, tsawonsa kamar yadi uku, an tattare bakinsa biyu. Tare da shi akwai maɗauri biyu masu faɗi, da ƙugiyoyin ƙarfe biyu, da gidan sauro, da ɗan tamfal na kare ruwa. Kawu ya ce gadon lilo ke nan, tsakanin itatuwa biyu ake rataya shi. Asalinsa na mutanen tsibiran Karibiyan da Amurka ta Kudu ne. Can Kolombus ya gan shi a 1492, daga nan matuƙan jiragen ruwa suka ara, domin kome tangaɗin jirgi mai barci ba ya faɗowa. Kawu ya so ya nuna mini yadda ake ɗaurawa, na ce ai ni Sikawut ne, ƙulli aikinmu ne. Ya yi murmushi, ya ƙyale ni.

Bayan kwana biyu na tafi da shi Bungudu wurin kakana. A tsakar gida akwai dogon yaro biyu. Na ɗaure gadon tamau kamar tsirkiyar baka, na kai shi sama daidai ƙirjina. Yaran gida suka taru suna kallo. Ni kuwa don in burge su sai na daka tsalle na haye. Kafin ka ce kwabo gado ya juye, sai ga ni tim a ƙasa, baki cike da ƙura. Yara suka yi ta dariya har da tafi.

Kaka ya taso ya shafa ƙyallen, ya ce, "Kai ɗan nema, wanga ai amuku na." Ya ce mahaifinsa ya ba shi labari, a farkon zamanin Turawa cikin irinsa ake ɗaukar Bature in zai yi rangadi. A rataya shi jikin doguwar sanda, ƙarti su saɓa, su yi ta tafiya cikin rana. Ya ce, "Kai kau ka gode Allah, icce ka ɗaukar ka, ba ka hau wuyan ɗan kowa ba."

Da dare na nace sai a ciki zan kwana. Gidan sauron ya yi aikinsa, ko guda bai taɓa ni ba. Amma lokacin hunturu ne. Wajen ƙarfe biyu sanyi ya fara shigo ni ta baya, ko da yake na lulluɓa da bargo. Ashe wanda ke kan tabarma ƙasa ke tare masa iska, wanda ke rataye kuwa iska na ratsawa ta ƙarƙashinsa. Kunya ta hana ni komawa ɗaki, na yi ta karkarwa har aka kira sallar asuba. Lalle rashin sani ya fi dare duhu.

Da na koma Gusau na kwantar da kai na tambayi Kawu. Ya ce kada a ja shi tamau, a bar shi ya ɗan yi ciki kamar jinjirin wata. Kada tsakiyarsa ta wuce tsawon kujera daga ƙasa. A fara zama tukuna, sa'an nan a ɗaga ƙafafu, a kwanta a karkace don baya ya miƙe. Da sanyi kuma a shimfiɗa bargo a ƙarƙashin jiki. Da na bi wannan, na yi barcin da ban taɓa yin irinsa ba.

Abu ɗaya ya rage mini. Malaminmu na Sikawut ya ce sa'ad da yake ɗalibi sukan yi zango a gindin Dutsen Kwatarkwashi, kan hanyar Gusau zuwa Tsafe, su kwana suna hira a bakin wuta. Mu kuwa, tun da aka sace 'yan'uwanmu ɗalibai a Jangebe a 2021, ba wanda ya ƙara yi mana zancen kwana a daji. Zangonmu a filin ƙwallo muke yi, katanga kewaye da mu. Gadon da aka yi don daji bai taɓa ganin daji ba.

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, in kun sami sabon abu ku yi tambaya kafin ku yi alfahari. Ni dai na naɗe gadona na adana, ina jiran ranar da za mu rataya shi a Kwatarkwashi, iyayenmu na barci a gida hankali kwance. Allah ya nuna mana ranar, amin.