Ranar Da Na Kashe Batirin Motar Abban Ummi

Ni dai in ana maganar yawan kiran miji a waya, to a sa sunana a farko. Abban Ummi a Zariya yake aiki, ya bar Kano Litinin ya dawo Juma'a, kuma tun bai fita daga unguwa ba nake danna lambarsa. "Ka kai Kura? Ka wuce Kwanar Ɗangora?" Shi kuwa bawan Allah ba ya iya ƙin ɗauka.

Wata Juma'a da yamma muna cikin hira sai na ji ƙarar birki, ƙiiii! Sai salati, sai wayar ta ɗauke. Minti ashirin ina kira shiru. Wallahi a tsakar gida na zauna dirshan, ɗankwali a ƙasa. Ashe tirela ce ta tsaya a gabansa, shi kuma hannu ɗaya a sitiyari ɗaya a kunne, da ƙyar ya gangara gefen titi. Allah ya tsare, fitila ce kawai ta fashe. Amma daren nan ban runtsa ba, don na san ni ce a ɗaya hannun nasa.

Washegari na ɗebi kuɗin adashena na nufi kasuwar waya ta Farm Centre, na sayo na'urar nan ta Bluetooth da ake haɗawa da rediyon mota, mutum ya yi magana ba tare da ya riƙe waya ba. Ɗan akwati ne kamar na ashana, da makirfo, da igiyoyi. Na ce ni zan ɗaura. Kada ki yi mamaki 'yar uwa, Babanmu rewaya ne, na girma ina riƙe masa tocila.

Hajiya, surukata, ta leƙo ta gan ni da sifana mai lamba 10, ta riƙe baki. "Yau ni 'yasu! Matar aure a cikin bonet?" Na ce, "Hajiya addu'a za ki sa mana."

Na fara cire kan batir mai alamar ragi, don Baba kullum da shi yake farawa, kada wuta ta haɗu. Na zaro rediyo da sukundireba, na cusa igiyar sauti a raminta na baya. Makirfon na maƙala shi a jikin abin tare rana, daidai bakin direba, na bi da igiyarsa ta ƙarƙashin robar ƙofa. (In motarku sabuwa ce ki kula, akwai jakar iska a ginshiƙin gefen gilashi, ba a gitta mata igiya.) Saura wuta. Baƙar igiya ta ƙarfen mota ce, wannan na sani. Amma ja da rawaya suka rikita ni, sai na fere su duka na tufke da ta akwatin, na naɗe da salatif. Muka gwada, muryata ta fito raɗau a lasifika. Abban Ummi ya dube ni ya ce, "Injiniya!" Kai, ranar ko ƙasa ba na takawa.

Litinin da asuba ya murɗa makulli, mota ta ce ƙyas, ta yi shiru. Ga shi yana da taro ƙarfe tara. Bai ce min komai ba, wallahi gara a ce faɗa ya yi.

Na kira Baba murya na rawa. Ya yi dariya har da tari. "Rawaya kai tsaye take daga batir, ba ta barci. Ja kuwa sai an murɗa makulli take kawo wuta. Kin haɗe su, rediyo ya kwana biyu a kunne, ga batirin dama ya tsufa." Ashe murya kawai muka rage. Na raba su, na mayar da akwatin kan ja kaɗai, na duba fiyus lafiya lau. Samarin layi suka tura mota ta tashi. Kafin Baba ya kashe ya ce, "Ke kuma ki rage kiran nan, hannunsa kika sauke wa aiki, hankalinsa yana wurinki."

Bai daɗe da fita ba sai ga kiransa, wai yana gwada aikin injiniya, ya kusa Kura. Na ce, "Abban Ummi, in ka isa Zariya ka kira ni." Na kashe, na tura wayar ƙarƙashin filo, na ɗauki tsintsiya.