Wa ke ɗan iska a bakin gada?

Daga bakin mahaifina, Allah ya jiƙansa, kalmar ta fara sauka a kaina. Ina da shekara goma sha bakwai, damina ta faɗi, ana neman hannu a gona, ni kuwa na sulale na bi wata babbar mota zuwa Kwatano a matsayin karen mota. Lokacin ma Dahome ake ce wa ƙasar, sai a 1975 ta koma Benin. Bayan wata biyu na dawo Gaya da sabon takalmi da guntun Faransancin tasha. Baba bai ɗaga murya ba. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce da Inna: "Ba ɗan iskan nan tuwo."

Na daɗe da wannan magana a maƙogwaro. Sai da furfura ta fito na gane siffanta ni ya yi. Iska ba ta da gida, ba mai ce maka ga inda za ka same ta gobe. A wurin mutanen da, ɗan iska shi ne wanda ba shi da madafa, ba idon da yake jin nauyi, in ya yi ɓarna ba ƙofar da za a je a yi sallama a kai ƙararsa. Wasu na cewa asalin kalmar daga iskokin bori ne, wai wanda suka shafa ya fita hayyacinsa. Wataƙila. Ni dai ta Baba ta fi zauna mini.

Dattawanmu ba sa cakuɗa kalmomi. Yaron da ya tsare babba da ido yana mayar da magana, rashin kunya ya yi. In ya ƙara da ɗaga murya a bainar jama'a, ta zama fitsara. Mai tsokana don a yi dariya shaƙiyyi ne, kuma akan so shi a zaure. Iskanci ya fi su nauyi duka, shi ya sa ba a saurin furta shi.

Yau kuwa ya yi araha kamar rake a kasuwar Gaya. Babur ya ƙi tashi, ɗan kabu-kabu ya harbe shi da ƙafa ya ce ɗan iska ne. Abokai na shan shayi, ɗaya ya ba da labari mai daɗi, a tafa a ce: "Kai, ɗan iska ne kai!" Har jikana na ji yana faɗa wa akuya. Wannan bai dame ni ba, baki ne, yana da wasansa. Inda nake tsayawa shi ne in an juya kalmar ga mace. A ce wa namiji ɗan iska, gobe ya manta. A ce wa yarinya ƴar iska sau ɗaya a bakin rijiya, sai maganar ta riga ta zuwa gidan da ake neman aurenta. Na ga auren da ya watse a kan haka, kuma wadda ta furta ko a jikinta.

Shekara talatin ina tuƙi tsakanin Kwatano, Dosso da Yamai, na lura kalmar tana da inda take zuwa da inda take tsoro. Kan masu dako da ƴan kamasho da yaran tasha take sauka. Wani mai babbar riga da na ba ajiyar kuɗin da na tara don sayen motar kaina, ya cinye, ya ce kasuwa ce ta faɗi. Har ya rasu ban ji wanda ya kira shi da sunan nan ba. Ni ma Alhaji nake ce masa.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka rufe gadar da ta haɗa mu da Malanbil. Motoci suka yi layi a wancan ƙetare, mutane suka koma ƙetare Kwara da kwalekwale. Ɗiyata na aure can, ga ta kwance ba lafiya, ƙafata kuma ba ta shiga jirgi yanzu. Wanda na samu a bakin ruwa wani yaro ne mai tarin gashi, sigari a bayan kunne, wanda ni da bakina na sha ce masa ɗan iska in ya wuce mu bai gaida kowa ba. Ba yadda zan yi, na damƙa masa jikka arba'in da ƙullin magani. Na dawo gida ina ce wa raina iska na wahalar da mai kayan kara.

Bayan la'asar sai ga sallama. Ya miƙo mini wayarsa, ɗiyata na kan layi tana cewa saƙo ya iso cif. Na ciro jikka guda na ba shi, ya ƙi karɓa. Ya ce: "Bar shi, Baba, ai hanyata ce."

Har yanzu ba ya gaida mutane yadda ya kamata, kuma na faɗa masa. Dariya ya yi. Na tambaye shi sunan mahaifinsa, ashe mutumin wajen Kamba ne, mun taɓa kwana tasha ɗaya a Paraku.