A hura wa inji iska kafin a kwance shi

A watan Fabrairu na shekarar 2015 gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci a jihar Diffa saboda hare-haren Boko Haram. Cikin abubuwan da aka hana har da hawan babur. Daga Maine-Soroa zuwa Bosso da N'Guigmi, kowa ya tura nasa cikin gida. Wani ya jingine shi a zaure, wani a bayan rumbu, wani ya lulluɓe shi da tsohuwar tabarma. Mutane sun zaci abin na wata ɗaya ne ko biyu, sai ga shi ya ci shekaru. Ƴan kabu-kabu suka rasa sana'a. Makanikai da yawa suka koma gyaran injin ban-ruwa da injin niƙa.

Inji kuwa ba ya son zama. Wanda ya daɗe a ajiye yakan ƙi tashi, mai shi kuma bai san ko ciwon babba ne ko ƙarami ba. A nan ake cutar talaka. Wanda bai san ciwon dabbarsa ba, abin da mahauci ya taya shi zai karɓa.

A Gagamari, yamma da Diffa, a bakin babbar hanyar da ta taso daga Zinder, akwai wani dattijo mai garkar tattasai a gefen Komadugu. Yana da babur ɗan ƙasar Sin, mai lamba 125, wanda ɗansa ya yi kabu-kabu da shi kafin doka. Wata shekara lokacin dashe ya zo, babu kuɗin taki, babu na fetur ɗin ban-ruwa. Sai ya yi shawarar sayar da babur. Wani dillali ya zo ya taka kik sau biyu. Kik ya sauka babu nauyi, kamar an taka buhun ƙaiƙayi. Dillali ya ce: "Baba, wannan inji ya mutu. Sai dai in saya a kuɗin ƙarfe."

Dattijo bai sallama ba. Ranar Talata, ranar kasuwar Diffa, ya sa aka ɗora babur a amalanke. Makaniken farko ko durƙusawa bai yi ba. Ya ce a sayo fistan, a sayo ringi, a kai silinda wurin masu gogewa. Kuɗin da ya lissafa ya kai na akuya biyu. Na biyun saurayi ne, rumfarsa tana jikin ta mai faci. Shi ya ce: "Baba, kada ka sayi kome tukuna. Bari mu hura masa iska, mu ji inda take fita."

Dattijo ya ce: "Ɗana, ni tattasai na sani, ban san ƙarfe ba."

Saurayi ya ce: "Kunne kawai ake so, Baba, kuma kana da shi."

Kafin a fahimci abin da saurayin ya yi, sai an san yadda cikin inji yake. Silinda kamar turmi ce da aka kife. Fistan yana hawa da sauka a cikinta kamar taɓarya. A saman silinda akwai murfi, shi ne kan inji. A jikin murfin akwai ƴan ƙofofi biyu da ake kira bawul, wasu su ce supap. Ta ɗaya iska da fetur suke shiga, ta ɗayar hayaƙi yake fita. A wuyan fistan akwai zobba na ƙarfe, su ne ringi, su ke toshe tsakanin fistan da bangon silinda. Tsakanin murfi da silinda kuma akwai shimfiɗa siririya, gasket.

Fistan yana tafiya huɗu kafin ya ba da ƙarfi sau ɗaya. Ya sauka ya shaƙi iska da fetur. Ya hau ya matse su. Buji ya ba da wuta, abin ya kama, ya tura fistan ƙasa da ƙarfi. Ya sake hawa ya kori hayaƙi. Wani Bajamushe mai suna Nikolaus Otto ne ya ƙera irin wannan inji a shekarar 1876. Yawancin babura da injunan ban-ruwa na bakin Komadugu a kan wannan tsari suke.

Ƙarfin duka yana wurin matsewa. A lokacin nan ƙofofin biyu a rufe suke, kuma bai kamata iska ta sami hanyar gudu ba. In ta samu, inji zai yi wuyar tashi, ya sha fetur, ya kasa hawa tudun rairayi. Kik mai laushi yana nuna iska na gudu, amma ba ya faɗin ta ina. Hanyoyin kuwa huɗu ne, kuma kuɗin gyaransu ba ɗaya ba ne.

Saurayi ya cire buji. Ya ɗora babban yatsa a kan ramin, ya sa yaronsa ya juya inji a hankali da sifana. Da ya ji ƴar iska tana tura yatsan, ya san fistan yana hawan matsewa. Suka ci gaba da juyawa kaɗan-kaɗan har alamar T da ke jikin maganaɗisu ta yi daidai da tsagar da ke jikin murfin gefe. Fistan ya kai ƙololuwa ke nan.

Wannan wuri yana son lura. Fistan yana zuwa sama sau biyu, sau ɗaya wajen matsewa, sau ɗaya wajen korar hayaƙi. A na biyun ƙofofin suna ɗan buɗe. Wanda ya hura iska a nan zai ji ta fita duka, ya ce inji ya lalace alhali lafiyarsa ƙalau. Makaniken kirki yakan buɗe ƴan murafun sama, ya taɓa ƙarafan da ke danna bawul. In duka biyun suna ɗan motsi, ƙofofi a rufe suke. Mai inji yana da ikon ya ce a nuna masa.

Sa'an nan saurayi ya ɗauko abin awonsa. Tiyo ne mai agogo biyu. Baki ɗaya ana ɗaura shi a ramin buji, ɗayan a tukunyar iska ta mai faci. Agogon farko yana nuna iskar da aka tura, na biyu yana nuna wadda ta zauna cikin silinda. Bambancinsu shi ne abin da ke gudu. Masu gyaran ƙananan jiragen sama ma da irin wannan awo suke duba injinsu, don su ba su da gefen hanya da za su tsaya in inji ya mutu.

Kafin ya buɗe iska, ya zare sifana daga jikin inji, ya sa giya, ya ce yaro ya danne birkin baya. Ba tsoro ne na banza ba. Ana tura iska wajen kilo 7, wato ninki uku na abin da ake sa wa tayar babur. A kan fistan na babur 125, wannan ya fi nauyin buhun gero ɗaya da rabi. In fistan ya goce daga sama, inji zai juya farat ɗaya, sifanar da aka bari tana iya karya hannu ko haƙori.

Iska ta shiga. Allurar agogo na biyu ta tsaya ƙasa da rabi. Dattijo ya ga fuskar yaron shago, gabansa ya faɗi. Lissafin da makanikai suka saba bi shi ne: in abin da ke gudu bai wuce kashi 10 cikin 100 ba, inji lafiya lau. Zuwa kashi 20, zai yi aiki. In ya haura 30, akwai gyara. Ko sabon inji yana zubar da ƴar kaɗan, domin kowane ringi yana da ƴar tsaga. Na dattijo fiye da rabi ke gudu.

Saurayi ya ce: "Baba, agogo ya faɗi nasa. Yanzu kawo kunnenka."

Ya kai shi bakin kafireta, bayan ya cire soson iska ya buɗe maƙogwaronta. Shiru. Da an ji huci a nan, da bawul na shiga ne ba ya rufewa. Ya buɗe murfin da ake zuba baƙin mai. Akwai ƴar ƙara can ƙasa-ƙasa, kamar numfashin mai barci. Da ta yi ƙarfi, da ringi ne suka cinye ko silinda ta zazzage, kuma shi ne gyara mai tsada. Ya shafa ruwan sabulu kewaye da mahaɗar kan inji da silinda. Babu kumfa, gasket lafiya. Daga nan suka zaga bakin salansa. Tun kafin dattijo ya sunkuya ya ji iska tana busa masa ƙafar wando.

Ya yi dariya, ya ce: "To, wannan ko kurma ya ji."

Bawul na fitar hayaƙi ne. Ranar da aka kashe babur a 2015, inji ya tsaya da wannan ƙofa a buɗe. Damina bayan damina, raɓa ta bi ta salansa ta shiga, tsatsa ta kama bakin ƙofar. Saurayi ya ɗan ƙwanƙwasa kan bawul da ƙotar guduma, ko datti ne ya maƙale ya faɗi. Allura ta motsa kaɗan ta koma. Sai ya kwance kan inji kawai, bai taɓa silinda ba. Ya goge bawul da mazauninsa da man gogewa, yana murza sanda tsakanin tafukansa kamar mai burga miya. Ya sa sabon gasket, ya daidaita tazarar bawul. Da aka sake hura iska, abin da ke gudu bai kai kashi 15 ba. Aka wanke kafireta, aka juye mai, babur ya tashi a taku na uku. Kuɗin aikin duka bai kai na ɗan akuya ba, kuma ba a kuɗin ƙarfe aka sayar da shi ba.

Makaniken farko ba lalle ne macuci ba. Watakila haka ya koya: inji ba matsi, a canja ringi. Amma da an bi tasa, da an sa sabon fistan a ƙarƙashin ƙofar da ba ta rufewa, babur ya ƙi tashi, a ce kuma a sayo wani abu.

Maganar tazarar bawul ma ta isa a tsaya a kanta. Tsakanin bawul da ƙarfen da ke danna shi ana barin ɗan fili, kamar kaurin takarda ɗaya ko biyu. In filin ya toshe, ƙofa ba za ta zauna daidai ba, iska ta riƙa fita ta kafireta ko ta salansa. Gyaran wannan na minti goma ne, ba a sayen kome. Saboda haka in an ji iska a ɗayan wuraren nan biyu, a fara duba tazara kafin a kwance kan inji.

Mako na gaba dattijo ya kawo injin ban-ruwansa, don ya ga yana hayaƙi fari-shuɗi, yana shan baƙin mai. Wannan karon labarin bai yi daɗi ba. Salansa shiru, kafireta shiru, amma ramin baƙin mai yana huci kamar zugazugin maƙeri. Ringi sun cinye. Saurayi ya buɗe akwatin soson iska, ya tarar babu soso. Yaran garka sun cire shi tun bara, wai inji ya fi numfashi. Wannan ɗabi'a ta yi yawa a bakin kogi, kuma ba ta da kyau ko kaɗan. Ƙurar hunturu ta ƙasar Manga rairayi ce mai laushi. In ta shiga silinda ta gauraya da mai, sai ta zama kamar dutsen wasa wuƙa. Soson da ake wankewa da sabulu a shanya, shi aka jefar, aka jawo sayen ringi.

Duk da haka dattijo ya ci riba ɗaya. Ya sani tun kafin tattasai ya yi fure. Iyayensa da jigo suka yi ban-ruwa, in igiya ta tsinke a ɗaura wata nan take. Inji ba haka yake ba. In ya tsaya tsakiyar aiki, sai an je Diffa, wani lokaci a jira kaya su zo daga nesa, tattasai kuwa in ya sha ƙishi furensa zubewa yake. An canja ringi yana sane da abin da ya biya, don da kunnensa ya ji.

Ba kowane makanike ke da tiyo mai agogo biyu ba. Wanda ba shi da shi yana iya fasa farin tangaran na tsohon buji, a kai wa mai walda ya liƙa bakin tiyub na taya a wurin. Da wannan da iskar mai faci za a ji inda take fita, ko da ba a san yawanta ba. Agogo ma ba duka bakinsu ɗaya ba, gara a riƙa awo wurin mutum guda. In inji yana tashi, a bari ya yi ɗumi kafin a auna, don ƙarfe yana buɗewa da zafi. Awon kuma ba ya faɗin kome game da wutar buji, ko dattin kafireta, ko gurɓataccen fetur na kwalba. Inji yana iya riƙe iska sarai ya ƙi tashi saboda waɗannan.

Idan ruwan Komadugu ya janye, aka gama tsinkar tattasai, injuna za su koma ɗaka har wata shekara. Kafin a ajiye, a tsiyaye fetur daga tanki da kafireta. A cire buji, a zuba ƙaramin cokali ɗaya na sabon mai a ramin, a ja igiya sau biyu ko uku, a mayar da buji. Sa'an nan a ja igiya a hankali har a ji ta yi nauyi, a sake ta a nan. A wurin nan ƙofofin biyu a rufe suke, raɓa ba ta da hanya. Babur ma haka ake yi masa da kik. Injin da ruwa ya ci kuwa, kamar waɗanda ambaliyar watan Oktoba na 2019 ta rutsa da su a garake, kada a ja igiyarsa da buji a ɗaure. A cire buji ruwa ya fita, a juye mai, a shanya, sa'an nan a kai shi a hura masa iska.