Neman Filin Ƙwallo a Hanyar Dawakin Kudu

Unguwarmu awon igiya ce. Waɗanda suka yanka ta sun bar wurin masallaci, amma ko taku goma ba su bar wa yara ba. Samari sun jima suna buga ƙwallo a wani kango, har ranar da mai shi ya sauke bulo da yashi. Sai kwamitin unguwa ya tashe mu, ni da kocin yaran da wani dattijo da ya san kan filaye, mu je mu duba wata gona da dillali ke ta yi mana tallarta.

Ta Ƙofar Mata muka bi, muka gifta filin wasa na Sani Abacha da Filin Idi. Nan ne aka jera shaguna a zamanin Ganduje, gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta rushe su a 2023, kotu ta ce a biya masu su diyyar Naira biliyan 30, daga bisani aka sasanta a kan biliyan 3. Dattijon ya leƙa ta taga ya ce, "Yaro, fili in ya fita daga hannun jama'a, dawo da shi sai an yi kuka."

Daga Dangi muka ɗauki titin Zariya, Unguwa Uku, Na'ibawa, har Kwanar Dawaki. Inda na sani gonakin dawa ne, yanzu tubalan shaida ne a kakkafe, an shafa musu jan fenti, awaki na kiwo a tsakani.

Gonar shimfiɗaɗɗiya ce, jigawa, da ɗorawa biyu a gefen gabas. Koci bai tsaya dogon gaisuwa ba, ya tuɓe takalmi ya hau awo da ƙafa. Cikakken filin ƙwallo mita 105 ne a tsawo, 68 a faɗi. In ka buga shi da fulotin da aka saba, ƙafa 50 da 100, ya haura fuloti 15, ban da wurin 'yan kallo. Dillali kuwa da fuloti yake lissafi, ba da gona ba. Da ya faɗi kuɗin ɗaya, kowa ya yi nasa lissafin a zuci, aka yi tsit.

Na tambayi mai gonar ko ba zai jira gwamnati ta karɓa ta biya shi ba. Dariya ya yi. Yana da hujja: Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna, kuma yana iya ƙwace fili don amfanin jama'a, amma diyyar ta abin da ke kai ce, gini da shuka da itatuwa. Manomi ya san ɗorawarsa za a ƙirga, don haka gara ya riga kowa, ya kira masu igiya. Haka bayan gari ke cikewa babu fili ko ɗaya na kowa da kowa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne mun iya karo-karo. A ce makabarta ta cika, kafin Juma'a biyu an haɗa kuɗin gona. A ce filin wasa, sai a ce ai wasa ne. Ahmed Musa ya gina cibiyar wasanni a Hotoro a 2017, Allah ya saka, amma ɗan da bai da kuɗin mota fili yake so a bayan gidansu. Wannan gonar ma da muka zo gani, wa zai riƙa kawo yara kullum da La'asar?

Kafin mu juyo muka biya wajen dagaci. Ya saurare mu, ya ce samarinsa ma a filin firamare suke raɓewa.

"Ranka ya daɗe, in mun kawo rabin kuɗin gonar fa?" in ji dattijonmu.

Dagaci ya ce zai tara mutanensa ya ji, amma da sharaɗi: takardar ta fito da sunan ƙungiya, ba na mutum ɗaya ba, kada gobe magada su ce na ubansu ne. Muka sa rana bayan girbi, za mu dawo da mai awo.