Kyanwa ta, tafiya ta Maraɗi, da yarinyar da ke kwana a kicin ɗin mu

 Na daɗe ina bibiyar wannan fili, amma ban taɓa ɗaukar biro ba sai yau. Ba hirar jarumi ko jaruma na zo da ita ba. Labarin kai na ne, kuma akwai abin kunya a ciki, amma zan faɗa ko Allah ya sa wata ta amfana.

Ni budurwa ce, haifaffiyar birnin Kano. Rayuwa ta ba ta da wani yawa. In na idar da sallar asuba sai in haɗa zoɓo da kunun aya, in ɗura a robobi, in jera a firij idan an yi sa'ar wuta, domin da cinikin su na ke samun kuɗin mota zuwa makaranta. Da yamma Islamiyya, da dare kuma a hallara a falo a yi kallo. Abin da kowa ya san ni da shi a layin mu shi ne son dabbobi. Ina da tantabaru shida a saman soro, sannan ga kyanwa ta fara sol, wadda na sa wa suna Madara. A bakin kwata na tsince ta wata damina, ko ido ba ta gama buɗewa ba, da sirinji na riƙa ɗura mata madara har ta yi ƙwari. A kan gado na ta ke kwana. Ƙanne na har “uwar mage” su ke ce mani, ni kuwa ko a jiki na.

A lokacin da na ke ba ku labari akwai wata yarinya 'yar aikatau a gidan mu, wadda ba za ta wuce shekara 10 ba. Wata mata ce ta kawo ta daga ƙauye. Ita ke wanke-wanke, shara, kai niƙa da goyon autan mu. Wallahi ban taɓa zagin ta ba, balle duka. Amma kuma ban taɓa tsayawa na dube ta da kyau ba.

A watan Disamba na 2022 aka sa bikin 'yar Goggo na a Maraɗi, Umma ta ce ni zan wakilce ta. Daga tashar Ƙofar Ruwa mu ka hau mota, mu ka bi ta Katsina, mu ka yi Jibiya, mu ka tsallaka iyaka zuwa Ɗan Isa, la'asar sakaliya mu ka shiga Maraɗi, hazo ya rufe gari. Kai jama'a, tafiya mabuɗin ilimi! Hausa ɗaya ce amma sai ka kasa kunne: makaranta “lakwal” ce, kuɗi kuwa sefa, ɗan acaɓa kuma “kabu-kabu”. Kilishi kam na ci har sai da muƙamuƙi na ya yi tsami.

Mijin Goggo tsohon malamin lakwal ne, ba ya rabuwa da rediyo. Wani dare bayan an watse daga kamu, mu na zaune ana shan shayi, sai na ji an ambaci kalmar “wahaya” a rediyon. Na ce, “Baba, mece ce kuma wahaya?” Ya dube ni ya ce, “Ɗiya ta, gyara zama ki ji.”

Ya ce wahaya mace ce da ake saye, a ajiye ta a gida bayan mata huɗu, ba sadaki, ba ɗaurin aure, ta yi bauta da rana, da dare kuma maigida ya neme ta. Sai ya ba ni labarin Hadijatou Mani, wata baiwar Allah daga yankin Birnin Ƙonni. A 1996, ta na da shekara 12, aka sayar da ita a kan sefa 240,000. Nijar ta yi dokar da ta mai da bauta babban laifi a 2003, kuma a 2005 mutumin ya ba ta takardar 'yanci, amma ya ce ai matar sa ce, ba inda za ta. Da ta tafi ta auri wanda ta ke so, sai aka yanke mata ɗaurin wata 6, wai ta yi aure kan aure. Ba ta haƙura ba. Da taimakon ƙungiyar Timidria da wasu lauyoyi ta kai ƙarar gwamnatin ƙasar ta gaban kotun ECOWAS, lokacin Nijar na cikin ƙungiyar. A ranar 27 ga Oktoba, 2008, kotun ta yanke hukunci cewa gwamnati ta gaza kare ta daga bauta, ta kuma umarci a biya ta diyyar sefa miliyan 10.

Ranar ban yi barcin kirki ba. Har na dawo Kano ina ta kumfar baki a mota, ina cewa wane irin rashin imani ne wannan, a ce yarinya 'yar shekara 12! Na ba Umma labari, na ba ƙawaye na, na shiga neman duk abin da ya shafi haƙƙin ɗan'adam ina karantawa a waya. Har na fara jin kai na wata 'yar gwagwarmaya. Ashe laifi tudu ne, na taka nawa ina hango na wani.

Kwana biyar da dawowa ta Madara ta daina cin abinci, sai amai. Hankali na ya tashi. Na naɗe ta a tawul, na ɗauki shatar adaidaita sahu har wajen likitan dabbobi, aka yi mata allura, na biya da cinikin zoɓo na kusan mako guda ban ko ji zafi ba. Cikin dare, wajen ƙarfe 2, na fito zan ɗora mata ruwan ɗumi. Ina shiga kicin a cikin duhu sai na taka ƙafar mutum. Na haska fitilar waya. Yarinyar nan ce a ƙudundune a kan 'yar tabarma tsakanin buhun gawayi da randa, ta rufa da ɗankwali, haƙoran ta na karo da juna. Sanyin Disamba fa! Na taɓa goshin ta, kamar garwashi.

Na ce, “Ke, tun yaushe?”

Ta ce, “Yau kwana uku, Anti. Ai Hajiya ta ba ni farasitamol.” Sai kuma ta ɗago ta ce, “Anti, ya jikin Madara?”

'Yan'uwa, na rantse da Allah tambayar nan ta fi mari zafi. Kyanwa na kan katifa cikin bargo, 'yar mutane na kan siminti, kuma ita ce ma ke gaishe ni da mai jiki.

Da safe na tari Umma da zancen. Ran ta ya ɓaci ƙwarai. Ta ce, “Au, daga zuwa Maraɗi sau ɗaya har kin dawo ki na kira na mai bayi? Sayen ta na yi? Duk wata ina biya. A garin su ma cin sau uku ta ke samu?” Gaskiya akwai ƙamshin gaskiya a maganar Umma. Ba a sayi yarinyar ba, ana kai ta gida da Sallah, kuma talauci ne ya fito da ita. Ba zan haɗa ta da Hadijatou ba. To amma kuɗin da ake biya, hannun matar da ta kawo ta su ke shiga, ta cire nata, ta kai wa uwar saura a tara kayan ɗaki. Mai aikin ko sisi ba ta taɓa riƙewa ba. Ba boko, ba allo. Ƙanne na su fita da yunifom, ita ta bi su da kwandon abinci har bakin ƙofa ta dawo.

Na faɗa wa Umma abin da na karanta. Dokar haƙƙin yara ta 2003 ta hana kai yaro aikatau wani gida da ba na dangin sa ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce firamare da ƙaramar sakandare kyauta ne kuma dole ne. Dokar hana fataucin mutane ta 2015 kuwa ta mai da ɗaukar ɗan ƙasa da shekara 12 aikin gida laifin da ake ɗauri a kan sa. Ba ta ce komai ba. Abba ne, da ke jin mu daga ɗaki, ya fito ya ce, “Bar batun doka. In 'yar ki ce a gidan wani fa?” Shi kenan, gidan ya yi tsit.

A ranar aka kai ta asibiti, aka ce zazzaɓin cizon sauro ne. Ta dawo kwana ɗaki na. A Janairun 2023 aka sa ta firamare da Islamiyya. Ni na karɓi wanke-wanken safe, kuma da kuɗin zoɓo na ɗinka mata yunifom. Ba zan ɓoye maku ba, na sha yin tsaki a bakin famfo da asuba, sai a nan na san abin da ƙananan hannayen nan su ka daɗe su na sha.

Na so a ce labarin ya ƙare kamar na fim, amma ina! Da Babbar Sallah ta 2024 aka tafi da ita gida, ba a dawo da ita ba. Matar da ta kawo ta ta ce wai mun ɓata yarinya da boko. Daga baya mu ka ji an kai ta wani gida a wani gari. Abin da ya rage mani shi ne littafin ta na aji, inda ta rubuta sunan ta layi-layi har shafi biyu, a ƙasa ta zana kyanwa mai dogon gashin baki. Yanzu wata bazawara ce ke zuwa mana aiki da safe ta tafi da azahar, kuma a hannun ta ake danƙa mata haƙƙin ta.

Madara na nan, ta yi ƙiba, har ta haifi 'ya'ya uku. Ban daina son ta ba, domin tausayin dabba ba laifi ba ne. Laifi na shi ne tausayin ya tsallake mutum.

Roƙo na ga 'yan'uwa na mata: yau da dare, in an kashe kallo, ki leƙa ki ga inda 'yar aikin gidan ku ke kwana, ki tambaye ta ko ta ci abinci. Ku kuma masu shirya finafinai, sau nawa mu ke ganin 'yar aiki ta shigo da tire, a daka mata tsawa ko a yi dariyar ƙauyancin ta, ta fita? Don Allah wata rana ku bi ta da kyamara har kicin ɗin.

 Ita kuma yarinyar nan Allah ya haɗa ta da masu tausayi a duk inda ta ke, amin.

Daga 'yar'uwar ku, uwar mage, Kano.