Hatimi Daga Tsohon Silifa

Duk wanda ya taɓa bi ta bakin kotu ko gidan waya a manyan garuruwanmu ya san masu sassaƙa hatimi, waɗanda ke zaune da ɗan tebur da reza, suna yanka sunan ofis ko na makaranta a jikin roba, su manna a kan guntun katako. Mun daɗe muna wuce su ko kallo ba su ishe mu ba, har sai da azumin bara ya kama, ɗalibanmu na ƙungiyar adabi suka ce suna son aika wa iyayensu katin barka da Sallah mai ɗauke da baitocin da suka tsara da kansu. Muka je maɗaba'a muka taya, aka faɗi kuɗin da ya fi ƙarfin aljihun malamin makaranta. Dole muka koma wajen mai reza neman dabara.

Ashe hatimi iri-iri ne. Akwai na roba mai gindin katako da kowa ya sani, wanda bai samu ba sai bayan da Charles Goodyear ya yi rajistar hanyar dafa roba da farar wuta a Amurka a 1844. Akwai na zamani garai-garai kamar gilashi, wanda mai bugawa ke hango ta cikinsa daidai inda zai sauka a takarda, sai dai tsada. Akwai na soso, mai arha, amma ba ya fitar da siraran layuka. Mutanen Ntonso kusa da Kumasi kuwa, da ɓallin ƙwarya suke sassaƙa nasu, su dafa ɓawon itace ya zama tawada, su buga alamomin adinkra a jikin yadi. Jin wannan ne ya ƙarfafa mana gwiwa, domin in ƙwarya ta yi, me zai hana tsohon silifa?

Mun fara gwada dankali, ya yi kyau da safe, kafin la'asar ya yanƙwane. Robar goge fensir tana yankuwa sumul, amma ƙarama ce. Tafin silifa, in an wanke an goge shi ya yi santsi, shi ya fi karɓar aikin.

To a nan ne, mai karatu, malam ya sha kunya. Muka zana “Barka da Sallah” kai tsaye a jikin silifar, muka kwana biyu muna ƙwaƙule gefen haruffa, har reza ta ɗanɗani yatsa. Ranar gwaji yara suka kewaye mu, muka dangwala tawada muka danna, muka ɗaga. Rubutu ya fito a juye, daga dama zuwa hagu, kowane harafi ya ba da baya. Aji ya yi tsit, sai wata yarinya ta zaro ɗan madubi daga jakarta ta kara a gefen takardar, ga gaisuwarmu nan daram a ciki. Saura kwana shida Sallah, kwalin da muka saya da kuɗinmu kuma yana jira.

Mai reza ya yi dariya har da ƙwalla, sannan ya nuna mana sirrin: a zana a takarda da fensir mai laushi, a kifa ta a kan robar, a murza da bayan cokali, zanen zai sauka a juye da kansa. Wajen yanka kuma a karkatar da reza waje, yadda gindin harafi zai fi samansa faɗi, don kada ya karye in an danna. Yaron da ya zaɓi ajami sai ya tsinci kansa yana sassaƙa daga hagu zuwa dama, abin da ya ce malaminsu na allo ba zai yarda ba. Dagin Arewa ne kaɗai bai ba kowa wahala ba, tunda duk yadda aka juya shi, shi ne dai.

Katuna arba'in muka buga, babu biyu da suka yi kama sak: wani tawada ta yi yawa, wani gefen ya ɗan dushe. A ƙarƙashin hatimin kowa ya rubuta baitinsa da hannu. Bayan hutu wani ɗalibi ya gaya mana mahaifinsa, wanda bai yi boko ba, ya sa an karanta masa baitin sau uku, sannan ya soke katin a jikin madubin kekensa na ɗinki.

Juyayyen hatimin nan na farko yana cikin aljihun teburinmu har yau. Yanzu kuma yaran sun taso mu gaba, wai sai an sassaƙa wanda za su buga a bangon ɗan littafin waƙoƙin da suke haɗawa.